Filin Da Muka Saya A Intanet

Ni na kawo maganar, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Sunana Lydia, ni ce sakatariyar zumuntar matan coci ta gundumarmu a Sabon Tasha. Shekara goma sha ɗaya na yi ina zana furen atamfa a masaƙar Kakuri kafin a rufe ta, shi ya sa duk abin da ya shafi zane ni ake turawa gaba.

Shekara uku da suka wuce muka naɗi muryoyin tsofaffin da suka kafa zumuntar, suna rera waƙoƙin da babu su a cikin littafin waƙoƙin coci. Su huɗu suka rage a lokacin, yau saura Mama Hauwa kaɗai. Na ɗauki waƙoƙin na kai wa Ben, wani magidanci mai shagon kwamfuta a Kakuri, ya buɗe mana shafi, ya yi masa rajista da sunan zumuntarmu. Da na zo yi wa mata bayani sai na ga idanu sun yi zuru, ba wadda ta gane. Sai bakina ya ce, "Fili muka saya a intanet, mun gina wa iyayenmu ɗaki a kai."

Nan take coci ya ɗauki guɗa. Mu mutanen Sabo mun san fili. Aka manne rasit ɗin a leda, aka haɗa shi da takardar da Ben ya rubuta lambar sirrin imel ɗinmu, aka sa su tare da takardun filin gidan baƙinmu a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makulli ɗaya a hannun shugaba, ɗaya a hannun ma'aji, ɗaya a jakata. Fasto ya yi addu'ar keɓewa, muka ci shinkafa, muka watse.

Bana zumuntar ta cika shekara hamsin, aka ce in zana atamfar biki. Na zuba basirar da na daɗe ban taɓa ba: shuɗi mai duhu, fitilar ƙwai a tsakiya, zangarniyar dawa kewaye da ita. A bakin zanen kuma na jera adireshin shafinmu da farin rubutu, sau goma sha biyu a kowane turmi, don duk yadda tela ya yanka kada a rasa shi. Aka buga turmi dubu da ɗari biyu. Mama Hauwa ba ta karatu, amma ni da kaina na kama yatsarta na ɗora a kan rubutun na ce, "Mama, duk wanda ya buga wannan a waya, muryarki zai ji."

Saura kwana goma biki, Vicky tela ta kira ni shagonta a kasuwa. Ta ja labule kamar mai shirin nuna mini ƙurji.

"Anti Lydia, abeg kar ki faɗi. Ina ɗinki na ce bari in ji waƙar nan."

Ta miƙo mini wayarta. Sunanmu na nan a sama, daidai yadda na zana shi. A ƙasa kuwa rubuce-rubuce ne da Turanci: yadda ake rage tumbi cikin kwana bakwai, yadda ake gane miji na ƙarya. Gefe guda tallar caca tana walƙiya, ɗaya gefen wata baiwar Allah ce da kayan jikinta ba za su ɗaure kan jariri ba. Can sama an ja jan layi cewa sunan na sayarwa ne.

Ban san lokacin da na tari keke zuwa Kakuri ba. Na shiga shagon Ben da faɗa, ya bar ni na gama, sannan ya jawo mini kujera.

"Madam, ai ba sayarwa ake yi ba, haya ce. Shekara biyu kuka biya. Na ce miki akwai renewal, sai an sabunta."

Ya faɗa kuwa. Na tuna sarai, ina ɗaure jaka ina sauri in kama motar Sabo, na ce masa to.

"Sun turo saƙo ta imel ɗinku, ya fi sau biyar."

"Imel ɗin yana cikin akwati," na ce.

Ya yi mini bayani a hankali. Kamfanin da ya yi mana rajista reshe ne na wani babban kamfanin watsa labarai a ƙasar waje, irin masu zuba dubban rubuce-rubuce a intanet don su ci kuɗin talla. Idan hayar suna ta ƙare, kwanakin alfarma suka wuce, na'urarsu ce take duba ko mutane na leƙa sunan. In suna leƙawa sai su riƙe shi, su cika shi da tarkacensu, su kafa masa farashi.

"Waƙoƙin fa?"

"Suna nan a kwamfutata, ko ɗaya bai ɓata ba. Yau ɗin nan zan iya buɗe muku sabon suna."

"Ben, sabon suna zai hau kan turmi dubu da ɗari biyu?"

Ya rubuta musu a madadina. Na ce ya gaya musu mu mata ne na coci, akwai tsohuwa mai shekara tamanin da shida a cikin maganar. Kafin in gyara zama amsa ta dawo: suna godiya da sha'awarmu, farashin dala ɗari tara ne. Na ce ya nemo mini mutum mai jini a jika in roƙe shi da bakina. Ya sake rubutawa, amsar nan dai ta sake dawowa, ko waƙafi ba a canja ba. Na taɓa durƙusa wa mai gida, na taɓa durƙusa wa ɗan sanda, amma ranar na rasa inda zan kai gwiwata.

Da yamma na je Mahuta na faɗa wa shugabarmu, Mama Diana. Ta ce dala ɗari tara da nauyi, amma in an taɓa mazajenmu da 'ya'yanmu na Abuja za a iya. Sai dai kafin nan, in ji ta, dole a kare idon mata. Ta aika saƙon murya a duk zaurukanmu na waya: don Allah kada kowa ta buɗe adireshin da ke jikin zane.

Ku da kanku kun san abin da ya biyo baya. Wadda ba ta taɓa lura da rubutun ba ma sai da ta nemo tabarau. Suka buɗe, suka nuna wa maƙwabta, maƙwabta suka tura wa 'yan uwa a Kafanchan da Jos. Bayan kwana huɗu muka koma wurin Ben da abin da muka harhaɗa, ya juyo mana da fuskar kwamfutar. Dala dubu uku da ɗari biyu.

"Machine ɗin ya ga mutane sun yi yawa," in ji shi. "Ranar bikinku ma zai ƙara hawa."

Muka gwada shafe rubutun da baƙar tawada a kan ƙyalle, wanki ɗaya ta fita. Ni na zaɓi rinin zanen da kaina tun farko, na ce a sa wanda ba ya koɗewa. Vicky ta ce a naɗe bakin zanen ciki, amma an riga an ɗinka fiye da rabi, wasu ma sun kai ƙauye.

Ranar Asabar ɗin bikin filin coci ya zama shuɗi daga ƙofa har katanga. Ban taɓa yin zane mai kyan wannan ba, kuma ban iya ɗaga ido na kalle shi ba. Mata dubu suna rawa da tulu da kacau-kacau, kowace tana yi wa kamfanin caca talla a ƙugunta kyauta. Duk mun sani, kuma duk mun haɗa baki ba a gaya wa Mama Hauwa ba.

Bayan wa'azi ta aiko a kira ni. Tana zaune a kujerar gaba, ƙafafunta sun kumbura, an ɗaura mata zanen har ƙirji. Ta lalubo rubutun da yatsarta, ba ta yi kuskure ba.

"'Yata, kin san al'adarmu, zanen zumunta ake shimfiɗa wa mace a kan akwatin gawarta. Ina da guda shida a adaka, amma wannan nake so. Ki tsaya da kanki ki ga an juyo rubutun waje, yadda jikokina na Legas za su karanta su buga. Kin ji?"

Na duba baya, Mama Diana ta kawar da kai. Na durƙusa na gyara mata bakin zanen da ya karkace.

"Na ji, Mama," na ce.