Kurkuku Mai Fanka

Tun da gwiwa ta ƙi ni, ɗana ya ɗauko ni ya ajiye a saman bene. Ɗaki fes, fanka na ta juyi, taga ɗaya mai kallon shagon mai walda. Matakala kuwa, sai dai in ji ƙafafun wasu a kanta.

Jikata tana rubuta littafin gama jami'a a kan tsofaffin da ke zaune gidan 'ya'yansu. Ta yi hira da mu da yawa, har da ni. Na ce mata alhamdulillahi, ci da sha ba a rage ni da komai ba. Me zan ce?

Ta nuna mini ƙasan shafi, inda rubutu ya yi ƙanana kamar tururuwa. "Kaka, ga sunanki nan. In na sake kawo maganarki a jere, ba sai na maimaita shi ba. Sai in sa ibid, wato mai maganar ɗazu ce dai."

"Lalaci ne aka sa wa hula," na ce.

Malaminta ya ce littafin ya yi ƙiba, a rage. Garin ragewa ta yanke inda ta gabatar da wata tsohuwa, uwar wani direba. Sunan matar ya tafi, maganarta guda ta tsira da ibid ɗinta, ta zo ta lafe a gindin sunana kamar ɗan akuyar da ya ɓace wa uwa.

Sai da aka yi wa littafi bango ɗana ya shigo da shi, yatsa a tsakiya, yarinyar na bayansa ido ya raina fata.

"Inna, ke kika ce gidan ɗanki kurkuku ne mai fanka?"

"Baba, wallahi kuskure..."

"Ke 'yar nan, manya na magana," na ce.

Na dubi fankar. Uwar direban nan ban san ta ba, amma Allah ya yi mata albarka, ta sosa mini inda hannuna bai kai ba.

"In takarda ta ce ni ce, ai ni ce."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe ni, Inna. Ban san haka kike fama ba."

Na ce a raina, to, gobe a sauke ni ƙasa, ko bakin ƙofa ne in ga mutane.

Washegari masu gyara suka zo, suka kwance fanka, suka kafa esi mai hura sanyi. Babbansu ya ce sanyi zai tsere, dole a rufe taga. Suka liƙe ta, aka saki labule mai kauri. Yanzu ko tartsatsin mai walda ba na gani.

Yarinyar ta leƙo. "Kaka, in gaya masa gaskiya?"

"Wacce daga ciki? Miƙo mini bargo. In ya tambayi yadda na wuni, ki ce masa ibid."