Jan Maɓalli

A gidan tela, gwangwanin maɓallai ne ke raba gardamar wanke-wanke. Da an gama cin abinci Baba zai girgiza shi, ya kau da kai, ya zura hannu ya ɗauko ɗaya. Wanda launinsa ya fito, shi ne da kwanuka. Fari na Yaya Babba ne, shuɗi na Dogo mai bi masa, ja kuwa na Auta, don tun ranar farko ta yi tsalle ta ce ita ja take so, ai shi ya fi yawa. A ganinta duk abin da ya fi yawa riba ne.

To, riba kuwa ta sha ta. Hannunta ya kusa zama soso, har ta fara zargin gwangwanin ya tsane ta ne.

Ranar da malamar lissafi ta koya musu yadda ake auna yiwuwar faruwar abu, ko jaka Auta ba ta ajiye ba, ta zazzage gwangwanin a teburin da Baba ke yanka yadi. Ja shida, fari biyu, shuɗi biyu.

"Baba, an cuce ni! Malama ta ce ka ƙirga naka, ka ɗora a kan duka. Ni shida cikin goma, su Yaya biyu-biyu cikin goma!"

Dogo ya tuntsire da dariya. "Mu muka zaɓar miki? Har kuka kika yi a bar miki ja."

"Ashe kun sani!"

Yaya Babba ya sosa ƙeya, wai shi bai taɓa ƙirgawa ba. Murmushinsa ne ya tona masa asiri.

Baba ya kwashe ja huɗu ya jefa a aljihu. "Yanzu fa, Autata?"

"Biyu cikin shida. Ɗaya cikin uku ke nan, kowa daidai."

Da yamma Baba ya girgiza gwangwani, Auta na tsaye a kansa. Ya buɗe hannu a hankali. Ja!

Yayyen suka zube ƙasa suna riƙe ciki. Tausayi ya kama Baba, ya ce ko a sake?

"A'a, Baba. Ɗaya cikin uku ai ba babu ba ne. Wannan rabona ne na gaskiya."

Ta tattara kwanukan ranta fes. A bakin ƙofa ta juyo ta kalli Dogo.

"Yaya, ka fara yanke farce. Gobe ma rana ce."