Minti Uku a Gaban Kwamiti

Ƙudurin dokar yana da shafi goma sha tara, kuma a duk Sakajiki mutum biyu kaɗai suka karanta shi har ƙarshe: Malama Muhsina, wadda ke koyar da aji huɗu a firamare, da ƙanenta Abdulhamid, wanda ta tilasta wa. Majalisar dokoki ta jiha ce ke son kafa cibiyoyin koyar da sana'a kyauta, domin matasan da suka gama sakandare ba su wuce gaba ba. Abdulhamid yana cikinsu. Shekararsa huɗu da gamawa, kuma babu abin da yake buri kamar ya iya gyaran injin ban-ruwa da haɗa sola.

Komai na ƙudurin ya yi masa daɗi, ban da sashe na goma sha ɗaya. Sashen ya ce za a riƙa fara koyo a farkon watan Yuli, kuma duk wanda ya yi fashin kwana goma a cire sunansa. Mahaifinsu ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa, gonar gero da ta dawa duk suna hannun Abdulhamid shi kaɗai. Idan sashen ya wuce a haka, sai ya zaɓi ɗaya: ko sana'a, ko abincin gidansu na shekara. Wanda ya rubuta sashen, bisa dukkan alamu, mutumin kirki ne mai cin tuwo kullum, sai dai bai taɓa tambayar watan da ake noma dawar ba.

Da aka yi shela a rediyo cewa kwamitin ilimi zai zauna a Kaura domin jin ra'ayin mutanen Kaura da Shinkafi da Zurmi, Muhsina ta sa aka rubuta sunan ƙanenta cikin masu jawabi. An ce kowa minti uku za a ba shi.

Labari ya kai ga kawunsu, Alhaji Ado, sakataren direbobi a tasha, wanda ya shekara talatin yana halartar taro ba tare da an taɓa jin ya nemi wani abu a cikinsa ba. Ya hau babur bayan la'asar ya iso Sakajiki da takarda a aljihu.

"To ɗana, mi za ka ce musu?"

"Kawu, zan ce su maida koyon bayan kaka."

"Haka nan, tsaye, kamar mai sayen tikiti? Wa ya haife ka? Riƙe wagga."

Takardar ta ƙunshi gaisuwa goma sha bakwai, an jera su bisa muƙami: daga shugaban kwamiti, zuwa mataimakinsa, zuwa wakilin masarauta, limamai, shugabannin ƙananan hukumomi uku, har zuwa 'yan jarida da masu tsaron ƙofa.

Muhsina ta leƙa ta ce, "Kawu, minti uku ne fa."

"Ke Malama, tsaya ga allonki. Ina kika taɓa ganin an katse yaro shina gaida manya?"

Ranar taron ta kama cikin makon noman maimai. Abdulhamid ya bar fartanya a bakin gona, ya sa farin yadinsa na Sallah, suka hau mota shi da Muhsina da Kawu Ado. Zauren ya cika da manyan riguna. Kujerun baya, waɗanda aka keɓe wa matasa, rabinsu babu kowa. A gefen shugaban kwamiti wata akawu ce ke zaune, sunanta Naja'atu, da rajista a gabanta, da waya mai ƙirga lokaci, da wata 'yar ƙararrawa. Ba ta yi kama da wadda ta san dokar Kawu Ado ba.

Manya suka yi jawabi, duk suka yaba ƙudurin, har da waɗanda suka karɓi kwafinsa a bakin ƙofa. Sannan aka zo kan matasa, aka kira Abdulhamid na farko.

Ya miƙe, ya yi sallama, ya buɗe takarda. A gaskiya ya yi gaisuwar da kyau. Bai tsallake kowa ba, bai sa ƙarami gaban babba ba, kuma duk wanda aka ambata sai ya ɗaga hannu ya amsa, shi kuma ya ɗan rusuna ya jira. Kawu Ado yana gyaɗa kai kamar mai sauraren karatu. Yana kan ta goma sha huɗu ƙararrawa ta buga.

"Mun gode," in ji Naja'atu. "Na gaba."

Abdulhamid ya dubi takarda, ya dubi yayarsa. Muhsina ta rufe fuska da mayafi. Ya koma ya zauna, gumi na bin wuyan farin yadin. Naja'atu ta rubuta a rajista abin da ya faru, wato ya yi gaisuwa.

"Salim Abdullahi, daga Zurmi."

Can wani dattijo ya ce daga baya, "Shina gona."

"Kamalu Mahmuda, daga Shinkafi."

"Shina gona, ranki ya daɗe. Ya ce a ba da haƙuri."

Aka kira na huɗu, yana gona. Ta biyar ta zo, ta yi magana a kan ɗinki. Na shida da na bakwai suna gona. Shugaban kwamiti, wani ɗan majalisa mai furfura da sanyin murya, ya cire tabarau ya ce, "Ikon Allah. Doka tasu, mun taso musamman dominsu, su kuma duk sun tafi gona?"

Abdulhamid bai san lokacin da ya miƙe ba. Kawu Ado ya kama bakin rigarsa, rigar ta kuɓuce.

"Ranka ya daɗe, abin da na zo faɗi ke nan. Yini guda kuka kira mu, ba mu samu zuwa ba. Sashe na sha ɗaya kuma ya ce wata shida, daga Yuli. In aka bar shi haka, ranar da aka buɗe cibiya waɗannan kujerun za a koya wa gyaran inji."

Aka yi dariya, har da wakilin masarauta. Naja'atu ta kai hannu ga ƙararrawa, shugaba ya dakatar da ita. Ya buɗe ƙudurin, ya karanta sashen a hankali, ya ce, "Yaushe kuke gama kai amfani gida?"

"Gero tun Oktoba. Dawa sai ƙarshen Nuwamba."

"Akawu, rubuta: Disamba."

A hanyar komawa Kawu Ado ya bayyana wa duk mutanen motar cewa gaisuwar ce ta tausasa zuciyar shugaba, kuma da an bar yaron ya kai ta goma sha bakwai, da har masauki za a gina musu. Babu wanda ya musa masa, domin shi ya samo musu kujerar gaba.

Ƙudurin ya bi hanyar da ƙudurori ke bi, wadda ba ta da gaggawa. Aka yi masa karatu na uku a majalisa, ya jira sa hannun gwamna, damina guda ta sake wucewa a kansa. Amma da ya fito, kalmar Yuli ba ta cikinsa. A makon farko na Disamba, bayan an rufe rumbu, Abdulhamid ya shiga cibiyar da aka buɗe a Kaura tare da matasa talatin da ɗaya, yawancinsu da kanta a tafin hannu. Malamin ya ajiye masa wani tsohon injin ban-ruwa da ya shekara biyu bai tashi ba, ya miƙa masa sifana, ya ce ya kwance shi gaba ɗaya. Abdulhamid ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla.