Wuƙa Ɗaya, Litinin Goma Sha Biyu

"Mayar da kuɗinki jaka, Fifame. Ni Litinin nake so."

Fifame ta dubi tsohon, ta dubi ɗan kwalin da ke tafin hannunsa. A ciki akwai wuƙar injin yankan sitika, sabuwa fil, tsawonta bai kai rabin ashana ba. Tata ta ƙarshe ta karye da safiyar nan ta Alhamis, kuma duk unguwar Akpakpa babu mai irinta sai Fofo Hunsu, wanda shagonsa ke kallon nata a tsallaken titi, sana'arsu ɗaya.

"Wace Litinin kuma, Fofo?"

"Injinki mai babban tebur. Kowace Litinin daga safe zuwa tsakar rana, wata uku. Nawa teburin ko faifai ya fi shi faɗi, manyan ayyuka sai dai in gan su suna wucewa a kan babur."

"A kan wuƙa ɗaya tal? Ai wannan fashi ne da rana tsaka!"

"To aika Legas, ta iso miki ran Talata. Surukarki za ta jira, ai ba ta da inda za ta."

Nan ya kama ta. Ran Asabar za a binne uwar mijinta, matar da ta shekara arba'in tana sayar da kifi a kasuwar Dantokpa. A jana'izar irin wannan mata, kowane baƙo sai ya koma gida da bokiti ko kwano ko mafici mai hoton mamaciyar a manne. Yayyen mijin sun so a kai aikin Legas, Fifame ta bugi ƙirji a gaban dangi ta ce ita za ta yi. Sitika dubu biyu, an riga an buga hoton a kan leda, yanka kaɗai ya rage.

"Na yarda," ta ce. "Allah na ganinka."

"Ya daɗe yana ganina, ɗiyata."

Ta ɗaura wuƙar, ta shimfiɗa fallen farko. Aikin wuƙar shi ne ta yanka ledar sama ta bar takardar ƙasa lafiya, yadda mutum zai sa farce ya ɓare sitika ɗaya-ɗaya. Amma wuƙar ta ratsa leda da takarda gaba ɗaya, fuskokin tsohuwa suka warwatse a tebur. Falle na biyu ma haka, har da karce a shimfiɗar teburin. Rarar da ta buga falle uku ce, biyu sun tafi.

Ta tsallaka titi ko duban babura ba ta yi ba. Ta tarar da shi a bakin shago yana cin akasa, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi.

"Fofo, wuƙar mahauta ka ba ni?"

Bai yi gardama ba. Ya wanke hannu, ya ja ƙofar shagonsa, ya biyo ta. Da ya leƙa lambar nauyin da injin ke danna wuƙa da shi, sai ya riƙe baki.

"Wa ya kai shi nan?"

"Haka nake aiki tun Ista."

"Da tsohuwar wuƙa! Tana dakushewa kina ƙara mata nauyi, mako bayan mako, har kin manta inda kika fara. Shi ya karya ta. Yanzu kin ɗora wa sabuwa kayan tsohuwa."

Ya kwance mariƙin wuƙar, ya yi ta murza shi har tsinin ya kusa ɓacewa, sai da ɗan yatsa ake jin sa. Ya zana da'ira da hannu a kan guntun leda, ya ɓare, ya ɗaga takardar wajen hasken ƙofa. Sawu ne kawai ɗan siriri, babu huda.

"Kin gani? Leda za ta yanka. Takarda kuwa gaishe ta za ta yi ta wuce."

Ya rage nauyin da rabi. Injin ya kama tafiya da sauti mai laushi, wanda Fifame ta manta rabon da ta ji shi. Tsohon bai koma ba sai da aka yanka falle na ƙarshe da la'asar. Kifinsa kuwa kyanwa ta yi masa maganinsa.

Ran Juma'a matan gidan suka zauna a tsakar gida suna mannawa, sitika na ɓarewa kamar ɓawon ayaba. Dada Asiba, babbar yayar mijin, wadda ta fi kowa nacewa a kan Legas, ta ɗaga wani bokiti ta daɗe tana kallon fuskar uwarta.

"Matarmu," ta ce, "kin fitar da mu kunya."

Ran Lahadi Fifame ta kai wa Fofo Hunsu bokiti mafi girma, da kwalbar giyar sodabi da kifi busasshe a ciki. Ta durƙusa har ƙasa.

"Tashi, tashi," ya ce. "Godiya dabam, Litinin dabam. Ƙarfe bakwai zan zo."

Kuma ya zo, sau goma sha biyu cur. Ya ci riba: ya yanka rubutun motocin haya da allunan shaguna, har ya ɗauke wa Fifame masu kawo aiki biyu da suka zo ran Litinin suka same shi a kan inji. Ita ta rasa waɗannan biyun, ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, don a gidan mijinta yanzu ba a yanke shawara sai an kira ta. Wanda ya yi asara tsantsa shi ne mai kawo wuƙaƙe daga Legas: a da biyar yake sayar mata a wata uku, yanzu guda ɗaya ke kai ta.