Inna Kyauta da Dodo Mai Aman Wuta

"Tsaya nan," in ji Inna Kyauta. "Kin ce cikin kogo sunka kwana su biyu?"

Mas'uda ta sauke wayar kan cinyarta. "Ciki sunka kwana, Inna. Shi bakin kogon, ita can ƙurya. Ya aza takobinai tsakani."

Tsohuwar ta ja tsaki mai tsawo, har ya tayar mata da tari. Mas'uda ta tallabo kanta ta ba ta ruwa a ludayi.

"To mi sunka ci?"

"Ba a hwaɗi ba."

"Ina za a hwaɗi! Ga dodo mai aman wuta kwance bakin ƙohwa, an rasa mai aza tukunya. Wadda tar rubuta wanga abu ba ta taɓa kwana da yunwa ba."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Goronyo. Inna Kyauta mai daddawa ce, ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tun ana cirar albasa cikinta ya kumbura. An kai ta asibiti Sakkwato, aka ce a komo da ita gida. Kullum da hantsi Mas'uda kan shigo ta gyara ta, ta karanta mata Yasin. Wata rana tsohuwar ta ce a nemo mata abin da zai ɗauke hankalinta daga ciwon, sai Mas'uda ta tuno wani littafi da aka tura zauren matan unguwa a waya. Ita kanta tun shafukan farko ta watsar da shi: wani yarima da wata 'yar makiyaya, da dodo mai fuka-fuki da ke yawo da su bisa duwatsu, ana ta kallon juna ana sunkuyar da kai.

Inna Kyauta ba ta raga wa kowa ba. Yarima ragon maza ne. Yarinyar kuwa, komai ya faru sai ta suma, "awa kazar da anka buga wa muciya." Amma in Mas'uda ta ce to a bar shi, sai ta harare ta.

"Ci gaba. So nikai in ga iyakar wautarsu."

Ranar Laraba Lauwali ya zo, ɗan ƙanen Inna Kyauta da ta goya tun yana jinjiri, wanda yanzu ke aiki birni. Damina biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Ya tsaya bakin ƙofa da farar shadda, hannu kusa da hanci, bai zauna ba.

"Haba Malama Mas'uda, mutum na cikin wanga hali ana karanta mai tatsuniya?"

"Ni nis sa ta," in ji Inna Kyauta, ko kallonsa ba ta yi ba. "Ka gaishe ni, na amsa. Kak ka ɓata rigarka."

Ya ajiye ledar lemu, ya ce mota na jiransa. Mas'uda ta bi bayansa da ido, ta taɓe baki.

Washegari da azahar numfashin tsohuwar ya canja. Ta yafito Mas'uda da yatsa.

"Saura da yawa?"

"Da ɗan dama, Inna."

"Tsallake. Kai ni ƙarshe."

Mas'uda ta yi ta jan rubutun da yatsa har ta kai. An ɗaura aure, garin duka ya cika fada, yarima ya kama hannun amarya karon farko.

"Dodon hwa?"

Mas'uda ta sake dubawa. Layi ɗaya aka ba shi. "An ce ƙohwar ba ta ɗaukar shi. Ya tsaya waje yana sauraren kiɗi, daga baya yat tashi yat tahi."

Inna Kyauta ta kafa ido kan azarar ɗakin.

"Shi yag goya su dut tahiyag ga," ta ce. "Marasa kunya. Ko ruwa ba a miƙa mai ba."

Daga nan ba ta sake zancensu ba. Ta ce a juya ta ta fuskanci gabas. Mas'uda ta kife wayar, ta riƙe hannunta tana maimaita kalmar shahada a hankali, leɓen tsohuwar na bi, har suka daina motsi kafin kiran la'asar.

Maza suka ɗauke ta rana na shirin faɗuwa. Lauwali bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta, ya zauna kan tabarmar ƙofar gida yana amsar gaisuwa.

Mas'uda ta tsaya tsakar gida ita kaɗai. Inda aka zubar da ruwan wankan gawar, gindin katanga, ƙasar ta yi duhu, tana bushewa daga gefe. Wasu kurciyoyi biyu suka sauko suna tsattsagar wurin.