Karen da Akuya ta Shayar

Da hantsi ne, sanyi bai gama sakin ƙasa ba, iska kuma tun asuba take ta dukan kwanon rufin ɗaki. Damián ya tsayar da motarsa a bakin garke, ya fito da rigar aikinsa mai ratsin nan da ke ƙyalli in fitila ta haska shi. Poncho, karen garken, bai taso ya tarbe shi ba. Dama bai taɓa tarbar kowa ba. Yana kwance a tsakiyar awaki, ya ɗora haɓa a bayan tsohuwar akuya Mora, ya buɗe ido ɗaya ya dubi baƙon, ya mayar ya rufe.

Mahaifin Damián, Don Rosendo, yana zaune a bakin murhu da ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasarsu, a hannu.

"Ga manyan kamfani," in ji shi. "Cire hular nan mana, kar awaki su ɗauka a garkensu ka zo haƙa rijiya."

"Ina kwana, Baba. Ya gwiwar?"

"Tana nan inda ka bar ta."

Ya zuba ruwan zafi a kan ganyen, ya miƙa masa. Damián ya zuƙa, ɗacin ya ratsa shi har ƙirji. A nan idonsa ya kai bayan ƙofa. An sauke bindigar daga ƙusar da take rataye tun yana yaro, an goge ta da mai, an jingine. Bai tambaya ba, don ya san amsar. Yau Don Froilán zai zo da babbar mota ya kwashe awakin duka, bindigar kuwa Poncho za a harbe da ita.

Ya tuna ranar da aka kawo shi, ɗan kwikwiyo ko ido bai buɗe ba, a cikin aljihun rigar Baba. Marigayiya mahaifiyarsa, Doña Celmira, ita ta matse Mora tsakanin ƙafafunta, ta shafa wa kwikwiyon nono a jiki, ta kai bakinsa ga hantsa. Mora ta yi harbi, ta yi kuka, Mama tana ta lallashinta kamar mai lallashin ƙanwa. Ta hana kowa ɗaukarsa ko yi masa wasa, don kar ya san cewa shi kare ne. Da ya buɗe ido, awaki ya fara gani. Da su ya girma, da safe ya fita da su, ya kore musu dila, in duhu ya fara sauka ya tattaro su gida ba tare da kowa ya kira shi ba. A shekarun nan duhu na sauka sosai. Sukan zauna a ƙofar ɗaki, Mama tana soya burodi a kitse, ba a ganin komai sai a ji ƙararrawar Mora tana matsowa daga cikin ƙayoyi.

Sai aka gano cewa dutsen da ke can ƙarƙashin ƙafafunsu yana riƙe da gas, kuma an sami hanyar tsaga shi da ruwa da yashi ya sake shi. Tituna suka ratsa makiyaya, rijiya ta tsiro a nan, wata a can. Samarin yankin kaf suka sami aiki, har da Damián, wanda yanzu yashin yake ja a tirela. Da albashin ya canza rufin ɗakin nan, da shi yake sayen maganin gwiwa. Amma da yamma, kafin rana ta gama faɗuwa, fitilun rijiyoyi sun kama, ga wutar da ke ci a bakin dogon bututu ta mai da sama ja. Poncho yakan zauna a jeji yana jiran duhu, duhu bai zo ba. Sai Baba ya ja ƙafa ya fita nemansu. Wani lokaci ya same su lafiya, wani lokaci ya tarar tirela ta riga shi a bakin titi.

"Baba," Damián ya ce a hankali, "ko Mora kaɗai ce a bar masa."

"Na ba Froilán hannu a kan garke duka. Ban ce ban da wance ba."

"Ai ba zai ƙi ba in ka yi masa magana."

"In je in roƙi abin da na sayar? Mutane su wuce a mota suna cewa ga Rosendo can da akuyarsa ɗaya, kamar yaron da aka yi wa kyautar Kirsimeti?" Ya karɓi ƙoƙon ya sake cikawa. "Kai ka tafi da shi mana, tunda tausayi ya dame ka."

A sansanin aiki ko kyanwa ba a bari, ɗakin da Damián yake haya a garin Añelo kuwa shi da wasu direbobi ne, ko wurin ajiye takalmi sai an yi shawara.

"Ka gani," in ji tsohon. "Irin wannan kare in ka raba shi da awaki ba ya ci, ba ya barci. Zai bi sawun mota har tirela ta niƙe shi, ko ya faɗa garken wani ya ce nasa ne, su harbe shi kamar ɓarawo. Gara hannuna." Ya tura itace cikin wuta da ƙafa, ya daɗe yana kallonsa.

Rana ta ɗaga sosai kafin motar Don Froilán ta iso tana tangaɗi. Ya sauko da ƙyar, tumbinsa ya riga shi taɓa ƙofa. Shi ya tsaya wa Damián ranar baftisma, shi ya sa Damián ke ce masa padrino, tun daga nan shi da Rosendo suke kiran juna kompadre, kuma ba su taɓa haɗuwa ba su zagi juna ba.

"Kompadre! Har yanzu itace kake hurawa? Kana zaune a kan gas ɗin da ke dafa wa rabin ƙasar nan abinci!"

"Wanda ke dafa maka dai ba ya hutawa, ga shaida nan a gabanka."

Suka rungume juna. Da Don Froilán ya zagaya sauke katakon hawa, Damián ya bi shi.

"Padrino, ba za ka haɗa da karen ba? Ba ya cin abinci da yawa."

"Ɗana, rabinsu mahauta za su. Sauran kuma kan dutse za su, wurin surukina, shi kuwa karnukansa ko ni ba sa raga wa. Kafin ya sauka sun yayyaga shi." Ya ɗaga kai, ya hangi ƙofar ɗaki a buɗe da abin da ke jingine a bayanta. Ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula. "Riƙe min katakon nan."

Awakin suka ƙi hawa. Suka dunƙule a lungu, mutum uku suna ta ihu da kaɗa hannu a banza. Poncho ya tashi ya miƙe jiki, ya dubi katakon, ya dubi awakinsa, ya ɗauka sabon garke aka yi musu. Ya zagaya ta baya, ya tura wannan da hanci, ya yi wa waccan gurnani kaɗan, sai ga su suna hawa ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, yadda suke shiga gida da yamma. Duk wadda ta hau sai ya juyo ya dubi Don Rosendo yana kaɗa wutsiya. Tsohon ya juya baya ya kama gyaran wata waya da babu abin da ya same ta.

Mora ce ta zo ƙarshe, tana jan ƙafa, ƙararrawarta na kaɗawa. Ta sa ƙafa a katako ke nan Don Froilán ya cafke ƙahonta, ya buɗe bakinta ya leƙa.

"Kai, kompadre! Wannan kuma mece ce? Kakarka ka sayar min?"

"Me ya same ta?"

"Ko haƙori ɗaya babu! Ta mutu a hanya ta cika min mota da wari? Wane mahauci zai karɓi igiya da ƙashi?" Ya tura ta gefe. Ya hau motar yana huci, ya ɗan jima a ciki, ya turo wata matashiyar akuya mai ciki da wani ɗan bunsuru. "Wannan gurguwa ce. Wannan kuma tari yake, kar ya shafa wa sauran."

Gurguwar ta dira daga katako, ta tsallake kwamin ruwa da tsalle ɗaya.

"Gurguwa," in ji Don Rosendo. "Idonka ne ya gurgunce. Hannu na ba ka a kan duka, ka kwashe kayanka."

"Na saya, na duba, na ce ba na so. Dole ne? Ka kai ni ƙara."

"To ka rage kuɗinsu."

"Wane kuɗi? Ai tun farko ban sa wa waɗannan kuɗi ba." Ya rufe bayan motar, ya sa sakata. "Ka ci gaba da ciyar da asibitinka. Damián, ka riƙa tuƙi a hankali, ku 'yan yashi kun ɗauka titin na ubanku ne."

Ko mate bai tsaya sha ba. Da motar ta tashi, Poncho ya bi ta da gudu yana haushi, har ya wuce inda shinge ya ƙare, kukan awakin na fitowa ta tsakanin katakai. Sai Mora ta yi kuka, irin kukan da take yi in yamma ta yi. Karen ya ja birki. Ya dubi ƙurar motar, ya waiwayo garke, ya sake duban ƙurar. Ya daɗe a tsaye a wurin, iska tana kwantar masa da gashi. Daga baya ya juyo, kansa a ƙasa, ya shinshina su ukun ɗaya bayan ɗaya, ya zagaya garken yana leƙa kowane lungu, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana jira a buɗe. Lokacin kiwo ya daɗe da wucewa.

"Mutumin nan tun yana saurayi bai san akuya ba," Don Rosendo ya ce. Ya share hanci da bayan hannu, ya nufi murhu. Daga can ya ɗaga murya: "In ka shigo ka mai da abin nan kan ƙusa, kar wani ya yi tuntuɓe da shi."

Damián ya cire rigar aikinsa, ya zaro wuƙa, ya farke ratsin nan mai ƙyalli. Ya ɗaura rabi a wuyan Mora kusa da ƙararrawa, ya durƙusa ya ɗaura sauran a wuyan Poncho, sannan ya buɗe ƙofa. Karen ya girgiza jiki, ko kallonsa bai yi ba, ya sa awakinsa a gaba suka shiga cikin ƙayoyi.