Kaset Mai Baƙin Zare

"Hidda shi, Sodangi. Nic ce ka hidda shi."

Sodangi ya tsaya da yatsa a kan jan madannin rakoda. Kaset ɗin sabo ne dal, da hannunsa ya ɓare ledarsa. Amma Junaidu, daga inda yake kwance a kan katifa cikin zaure, ya riga ya hango launin zaren.

"Mai jan zare na. Ba ni yi ma ɗiyata magana cikin mai jan zare."

"Junaidu, murya hwa murya ta."

"Kai da jimar hwata ka sani, ina ka san murya?"

Wannan gardama ta girmi wasu yaran unguwa. Junaidu yana da shagon kwafar kaset a Ƙofar Dundaye, wa'azi da waƙa duk yana juyewa, Sodangi kuma baduku ne, rumfarsa na manne da shagon, gidansa na manne da gidan. A wurin Junaidu kaset iri biyu ne a duniya. Mai baƙin zare yana riƙe murya kamar yadda Allah ya yi ta, mai jan zare kuwa sai ya zuba mata wani shuu, kamar ana suya a bayan mai magana. Sodangi ya ce ko a ƙwarya ko a kwano, fura fura ce. Har an taɓa ɗaure wa Junaidu ido da rawani, aka riƙa sa masa wannan ana cire wancan. Wani ya canka, wani ya faɗi, kuma duk wanda ya faɗi laifin batir ne. Mai hali ba ya barin halinsa.

Yanzu ciwo ya kama shi a maƙogwaro, asibiti sun sallame shi ya dawo gida, kuma kowa ya san abin da irin wannan sallama take nufi. 'Yarsa ɗaya tilo, Lailatu, tana aure a Kumasi wurin wani ɗan fataucin goro. Soja sun rufe iyaka, ga ta da tsohon ciki, zuwa ba zai yiwu ba. Saƙo ne kawai ke ratsawa ta hannun Ƙasimu direba, wanda ya san hanyoyinsa. Kaset ɗin da ta aiko na ƙarshe, abu ɗaya ta roƙa a ciki: Baba ya yi mata magana ta ji muryarsa.

Mai baƙin zare kuma ya ɓace a gari tun da kayan waje suka yi wuya. Na shagon Junaidu sun daɗe da ƙarewa. Sodangi ya ajiye fatunsa ya shiga nema. Ya zaga kasuwa, ya je unguwar Gawon Nama wurin wani mai gyaran rediyo, ya bi gidajen alhazan da suka dawo da kaya. Kowa sai ya miƙo masa mai jan zare, ya ce ai duk ɗaya ne. Abin da shi ma ya yi shekaru yana faɗi ke nan, amma sai ya ji bakinsa yana cewa, "A'a, ba ɗaya na ba." A ƙarshe Ƙasimu ya ce zai duba masa a Ikko.

Ana jira, muryar tana raguwa. Da la'asar Sodangi kan zo ya zauna a gefen katifa, Junaidu kuma ya riƙa bitar abin da zai faɗa wa 'yarsa, yana gyara nan yana ƙara can, kamar mai shirin huɗuba. Akwai zancen ranar da aka haife ta, akwai sunan da yake so a sa wa jaririn, akwai neman gafara. Mai jan zaren yana cikin aljihun Sodangi duk wannan lokaci, rakoda kuma tana kusa da ƙafarsa. Ya yi tunanin ya danna a ɓoye. Amma madannin yana da ƙara, kunnen Junaidu kuwa ko ciwo bai taɓa shi ba. Ya ji nauyin ya ha'inci mara lafiya, sai ya bari.

Ranar da Ƙasimu ya kawo kaset ɗin, da hantsi ne. Junaidu ya karɓa, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ya duba zaren, ya gyaɗa kai. Ya nuna fanka da yatsa, aka kashe. Ya nuna ƙofar cikin gida, matarsa Sadiyatu ta tsawata wa masu surutu. Sodangi ya kara masa rakoda a baki, ya danna.

Junaidu ya buɗe baki. Leɓɓansa suna motsi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma iska ce kawai ke fita. Ya huta, ya sake. Aka ba shi ruwa, ya sake. Babu wanda ya ce a tsaya, don ba wanda ya san yadda zai faɗa. Haka zaren ya yi ta tafiya har gefen ya ƙare, rakoda ta kashe kanta.

Sai Junaidu ya yi alama a mayar baya a sa masa. Suka saurara. Ga numfashinsa nan, tas, kamar mutum yana tsaye a kunnenka. Ga taɓarya daga gidan maƙwabta, ga kurciya a kan dogon yaro, har ƙarar kofi da aka ajiye a ƙasa ta fito. Babu shuu ko kaɗan. Junaidu ya taɓa kunnensa, ya kalli Sodangi da irin kallon da yake yi idan ya canka daidai.

"Na jiya," in ji Sodangi. "Kai ad da gaskiya."

Washegari bayan azahar Junaidu ya cika. Kafin la'asar an kai shi. Sodangi ya kama makara, ya shiga cikin masu zuba ƙasa, ya zauna a tabarma yana amsa gaisuwa, "Allah shi jiƙan shi," "Amin, amin." Ya yi ta jiran baƙin cikin ya zo, bai zo ba. Jikinsa duk kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ana taɓawa ba ya ji.

Bayan sadakar uku Ƙasimu ya zo, ya ce gobe zai kama hanya, in akwai saƙon Kumasi a ba shi. Ya tsaya a waje yana jira. Sodangi ya shiga zauren. An naɗe katifar an jingine, rakoda na nan inda aka bar ta.

"Malam Sodangi," Sadiyatu ce daga bayan ƙofa, muryarta a dushe. "Lailatu ba ta san ya rasu ba. In tas sa wanga kaset, mi za ta ji?"

"Lumhwashi nai," ya ce.



"Ɗaya gehen ba komi cikinai," in ji ta. "Kai ka ji abin da shika son hwaɗi, ni ina cikin gida. A juya shi ka hwaɗa mata."

Sodangi ya zauna a ƙasa. Ya laluba kansa. Sunan jaririn yana nan, ya riƙe shi. Sauran kuwa ya san an faɗa, ya san ya ji, amma kalmomin ba nasa ba ne, sun tafi da mai su. Ya fitar da kaset ɗin, ya juya, ya mayar. Ya tashi ya kashe fanka, ya dawo ya danna jan madannin.

"Salamu alaikum. Lailatu, Baba Sodangi na."

Daga nan bakinsa ya tsaya. A waje Ƙasimu yana gaisawa da wani mai wucewa. Ta 'yar tagar rakodar Sodangi yana kallon baƙin zaren yana barin wannan gefe, yana taruwa a wancan.